Kwana Uku Kudu da Rijiyar Sawakin

Tun da muka dawo, ba ranar da zan zauna a majalisar shayi ta bayan la'asar a unguwarmu Anbariyya, nan Madina, ba a ce in ba da labarin Sawakin ba. Kullum sai in ce wata rana. Gaskiyar magana, Ɗahiru ya riga ya ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma in yana bayarwa har riƙe ciki ake yi, ni kuwa ina farawa sai in ga ana duba agogo. Shi ya sa na ga gara in rubuta nawa. Ba cewa nake nasa ba daidai ba ne. Akwai dai wuraren da yake tsallakewa, ina jin don ya rufa mini asiri, kuma wuraren nan su ne suka hana ni sakewa.

Ga wanda bai san mu ba, Ɗahiru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma sa'ana. Ni na yi jami'a na fito da shahada, wato digiri, a jugrafiya, yanzu ina koyarwa. Shi tun daga aji shida ya ajiye karatu ya shiga gonakin dabino na Awali, yana kula da injinan rijiya. Kakarmu, Hajiya Yalwa, mijinta take kiransa, irin wasan kaka da jika. Ni kuwa Ustaz take ce mini. Na san girmamawa ce, amma da za a ba ni zaɓi ban san wanne zan ɗauka ba.

Ita ta aike mu. Tana yarinya ta zo ƙasar nan cikin ayarin masu hajji ta ƙasa, waɗanda suka yi shekaru a hanya, su yi noma a nan su yi gaba. A Sawakin, bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, suka zauna jiran jirgin da zai ƙetare da su, a nan mahaifiyarta ta rasu. Bara Kaka ta yi wani ciwo da ya tsorata mu. Da ta tashi sai ta ce abu ɗaya ya rage mata a duniya: wani daga jininta ya tsaya a kan kabarin nan ya yi addu'a, ya dawo ya gaya mata yana nan.

Na zauna da ita yini biyu da littafi a hannu. Ta ce a bayan ganuwar gari akwai rijiyar da ayari ke sauka. Ta ce duk sanda ta tsaya salla a bakin rijiyar, kabarin yana can gabanta, nisansa bai wuce daga gidanmu zuwa masallacin Anbariyya ba, kuma babanta ya kafa dutsen teku mai huji a wajen kai. Na taƙaita kamar yadda aka koya mana, na bar surutu na ɗauki ma'ana. Tun da mu a Madina kudu muke duba in za mu yi salla, sai na rubuta: kabari, kudu da rijiya, tafiyar minti biyar zuwa bakwai. Na zana taswira mai kyau da jan biro da shuɗi. Maganarta kamar yadda ta faɗe ta ban rubuta ba.

Na so in tafi ni kaɗai. Ta ce a'a, in tafi da mijinta, kada in tsaya karanta allon sanarwa jirgi ya tashi ya bar ni. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Kafin mu tashi na tambayi malamai biyu ko ya halatta a ɗaura tafiya don kabari, suka ba ni amsa iri biyu. A ƙarshe na ƙulla niyyar biyayya ga kaka da neman ilimi. Da na gaya wa Ɗahiru, sai ya ce shi niyyarsa cin kifi.

A hutun rabin shekara muka tashi, lokacin sanyi. Na ɗauki littattafai uku, da kamfas, da ma'aunin tef. Shi ya ɗauki buhun dabino daga Awali da wani kaset da maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta cika da gaisuwa ga yayanta Baba Musa a Bur Sudan. Na ce masa buhun zai zame mana kaya. Motar haya muka shiga ta hanyar Badar. A Mastura aka tsaya cin kifi, kafin a gama Ɗahiru ya san sunan direba da na 'ya'yansa, har direban ya mai da shi kujerar gaba. Ni na ci gaba da zama a baya tsakanin wasu mutum biyu masu barci.

Daga Jidda muka hau jirgin ruwa. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunya. Da la'asar ta yi, wasu fasinjoji suka shiga gardama kan ina za a fuskanta. Na fito da kamfas na yi musu bayani dalla-dalla cewa Makka tana baya gare mu yanzu, kuma in mun sauka Sudan alƙibla za ta koma tsakanin gabas da arewa. Wani dattijo ya ce ma sha Allah, karatu ya yi rana. Ina jin wannan ne karo ɗaya a duk tafiyar da aka yaba mini ba Ɗahiru ba. Ba a jima ba teku ta tashi, na kwanta ina amai har muka ga tudu. Shi kuwa yana can sama yana gyara wa wata mata risho.

A tashar Bur Sudan ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata ya ga kamfas da tef da taswira mai jan layi. Ya tambaye ni aikina. Na yi masa dogon bayani da Larabcin littafi, kuma ina ƙara bayani fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Ya ce sai an ji abin da ke cikin kaset ɗin ma. Aka sa, sai ga muryar maƙwabciyarmu tana lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka ƙi rubuto wasiƙa. Ɗahiru ya kwance bakin buhu ya ɗebo dabino cike da hannu biyu ya ce daga birnin Manzon Allah ne. Mutumin ya yi salati, ya ɗauki guda ɗaya tak, ya ce wanda ya fito daga can ba a tsayar da shi a rana. Na daɗe ina tunanin ko abin da muka yi ya shiga babin rashawa. Ina ganin bai shiga ba, tun da guda ɗaya ya ɗauka, amma Allah ne masani.

Baba Musa ya sauke mu a gidansa, cikin unguwar mutanenmu da can ake kira Fallata. Gadajen igiya ne a jere a tsakar gida, angarib suke ce musu. Aka kawo kisra, wata irin waina mai faɗi da laushi kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda ba ta da bambanci da ta gidanmu. Maƙwabta suka cika gidan don ganin mutanen Madina. Wannan ya ce a yi masa addu'a, wancan ya tambayi ko gaskiya ne ƙamshi yana tashi a Rauda. Sun ce Hausar Ɗahiru irin ta tsofaffinsu ce, har wata tsohuwa ta share hawaye da ta ji wasu kalmomi a bakinsa. Tawa kuwa, duk jimla sai ta jingina da Larabci, don haka da Larabci suke ba ni amsa cikin ladabi.

Gahawarsu ma ta ba ni wahala. Jabana suke kiranta, baƙa ƙirin, da citta maimakon hel, kayan ƙamshin da mu muke sa wa tamu, a ɗan tulun yumɓu. A wurinmu in mutum ya ƙoshi sai ya kaɗa finjali a karɓe. Na kaɗa, mai zubawa ya ɗauka ina nuna masa ya ƙare ne, ya sake cikawa. Sai da na sha biyar. Ɗahiru yana kallo, daga baya ya ce ya ga ina kaɗawa da himma ne, bai so ya katse ni ba.

Washegari muka shiga bayan wata babbar mota zuwa Sawakin, teku a hagunmu, duwatsu can nesa a dama. Na karanta labarin garin sosai kafin in zo, to amma karatu daban gani daban. Ruwan teku ne ya kutso cikin tudu ta wani siririn wuya, ya buɗe ya zama kamar tafki, tsohon birnin yana tsakiya a kan tsibiri kewayayye kamar faifai. Wata gajeriyar hanya da aka cike ta haɗa shi da Gef, wato unguwar da ke kan tudu, wadda ita ma ta miƙo cikin ruwa kamar harshe. Bisa abin da na karanta, nan ne ayarin Nilu suke ƙarewa tun zamanin da, fatake daga Jidda da Hadramaut da Hindu suka gina gidaje, Turkawa suka yi mulki. Da Turawa suka gina Bur Sudan sai jirage suka koma can, masu gida suka bi su. Da dutsen teku aka yi ginin, shi kuwa in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai gishiri ke cinye shi. Yanzu rabin garin tsibin duwatsu ne. Inda bango ya saura, za ka ga tagogin katako masu sassaƙa, irin rawashin ɗin tsofaffin gidajen da ke kusa da Harami. Kyanwoyi sun fi mutane yawa, kuma an gargaɗe mu kada mu kore su, wai ba duka ne kyanwoyi ba. Ban yarda ba, amma ban kori ko ɗaya ba.

Na so in yi wa Ɗahiru bayanin duk wannan. Ya saurara kaɗan, sai ya ce shi abin da yake tunani shi ne Kaka ba ta taɓa ambaton benaye ba. Mai yiwuwa ba a bar irinsu sun shiga tsibirin ba. Wannan ba ya cikin littattafaina uku, kuma na ji haushin ban riga shi tunaninsa ba.

Muka kama ɗaki a wata ƙaramar lokanda, wato masaukin baƙi, a Gef. Baba Musa ya haɗa mu da wani dattijo Bahadande, ɗan ƙabilar yankin, mai suna Onur, wanda ke ɗebo ruwa a jaki. Shi ya kai mu rijiyar da ya ce a nan Takari, wato mutanenmu masu hajji ta ƙasa, suke sauka a zamanin ubansa, can bayan abin da ya rage na ganuwa. Na buɗe taswira, na saita kamfas, na nuna kudu. Onur ya ce can babu kabarin Takari, na danginsu ne. Na ce masa cikin ladabi a rubuce nake da shi.

Kwana uku muka yi a kudu da rijiyar nan. Fili ne na ƙaya da tsakuwa, da kaburbura jefi-jefi da aka kewaye da duwatsun tudu, babu dutsen teku ko ɗaya. Na raba filin gida-gida a takarda, muna bi muna sokewa. Ɗahiru ya riƙe bakin tef bai taɓa ƙorafi ba, iyaka yakan ce Ustaz, wannan ƙayar ma a rubuta ta? In mun huta sai ya koma wurin masu jakai, ya raba musu dabino, ya gyara musu ƙugiyar guga, suna ta dariya da yaren da bai sani ba. Ni ina gefe a inuwar jaki ina sake lissafi. Sau ɗaya ya ce in ba shi littafin ya gani, ko in faɗa masa yadda Kaka ta ce. Na ce masa na riga na tace komai. Ba na so in yi wa kaina ƙarya a nan: ina so ne a ce wannan abu ɗaya ni na yi shi. Shi yana da direbobi da tsofaffi da masu jakai da Kaka. Na ga kabarin nan rabona ne.

Salla kuwa a masallacin Gef muke yi, sai rana ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe, don jirginmu zai tashi kashegari. Azahar ta same mu a bakin rijiya, ba mu da lokacin komawa gari. Onur ya ja layi a ƙasa da sandarsa, muka jeru da masu jakai. Da aka sallame, Ɗahiru bai tashi ba. Ya zauna yana kallon gabansa, can wajen ganuwa da teku.

"Ustaz," ya ce, "ba cewa take yi in ta tsaya salla a nan tana ganin wurin ba? Tun muna yara haka take faɗa."

Bai kai ƙarshen maganar ba na gane. Na juya na dubi filin da muka yi kwana uku a ciki, yana bayan kafaɗata ta dama. Ni da na tsaya a jirgi da kamfas ina koya wa mutane inda alƙibla za ta koma. Na san abin sarai, amma kudun da na rubuta a ɗakin Kaka ya riga ya zama kudu a takarda, ban sake tambayar daga ina ya fito ba.

Ya tashi ya miƙe gaba, na bi shi a baya. Ba mu yi nisa ba muka iso wani ɗan kwari kusa da rusasshiyar ganuwa. Kaburbura ne a jere, sun kusa shafewa, duk da duwatsun teku a kansu. Onur ya ce ai da mun ce masa wurin Takari muke nema, ba kudu ba, da tun ranar farko ya kawo mu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu huji uku muka samu, kusa da juna.

Ɗahiru ya durƙusa a gaban na tsakiya ya dafa ƙasar da hannu biyu, sai na ga yana kuka. Ya ce wannan ne. Na tambaye shi ta yaya ya sani, tun da uku ne.

"Ustaz, don Allah ka bari," ya ce.

Na bari, amma na nace sai mun yi addu'a a kan duka ukun, kowanne daban, saboda kokwanto. Ya karɓi salka a wurin Onur ya yayyafa musu ruwa. Ni na tsaya na rubuta yadda suke, na ƙirga taku daga nan zuwa rijiya, ya yi daidai da abin da Kaka ta kwatanta, ko kusa da haka. Na jira in ji abin da yake ji, bai zo ba. Abin da na ji kawai shi ne ko kukan ma shi ya samu.

Kashegari muka kama hanyar dawowa. A jirgi Ɗahiru ya ce mini in mun isa in bar shi ya yi bayani, kuma kada in kawo zancen uku, tsohuwa ce, a ba ta abu ɗaya ta riƙe. Daga Jidda har Madina ina juya abin a raina. In na yi shiru na yaudare ta a kan abin da ta aike mu. In na faɗa, wataƙila in ƙwace mata abin da ya ba ta. Kuma ban tabbata ba ko gaskiya ce ke tura ni, ko so nake in rage masa.

Mun same ta da hantsi a kan shimfiɗarta, gida cike da 'yan uwa. Ɗahiru ya ba da labari tun daga kifin Mastura. Da ya zo kan kabari sai ya ce taswirar Ustaz ce ta kai mu har wurin, shi tef kawai ya riƙe. Aka juyo ana sa mini albarka. Wannan kyautar ta fi komai yi mini ciwo, don ko ita ba zan iya irinta ba. Da aka lafa, Kaka ta dube ni.

"Ustaz, kai ba ka iya ƙarya ba, ko ta alheri. Nata ne?"

Na faɗa mata duka a gaban kowa. Na ce taswirata kudu ta kai mu, na ɓata kwana uku, Ɗahiru ne ya tuna maganarta. Na ce duwatsu masu huji uku ne, kuma ba zan iya rantsewa wanne ne nata ba. Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Har na fara nadama.

Sai Kaka ta ce uku ne, haka ne. Ta ce ta manta ba ta gaya mana ba, mata uku ne suka rasu a ayarinsu cikin wannan jiran, kuma babanta ne ya nemo wa kowacce dutse, don mazan sauran biyun suna kwance ba lafiya. Ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ce da mun ce ɗaya muka gani da ta yi shakka. Ta tambaya ko mun yi musu addu'a duka. Na ce mun yi, kowacce daban. Ta ce Alhamdu lillahi, Allah ya yi mini albarka, ta maimaita.

Na ji wani sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Ina cikin jinsa ta tambayi wanne ne a cikinmu ya taɓa ƙasar da hannunsa. Ɗahiru ya matsa kusa. Ta kama tafukansa biyu ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka. Na dubi nawa hannuwan. Ranar nan a Sawakin littafi da biro ne a cikinsu, kuma ko sau ɗaya bai zo mini in ajiye su ba.